Mai Labule a Haikalin Kwali

Duk layin ba wanda ke kiranta da sunanta. Mai Labule ake ce mata, ƙannenta kuma su ce Yaya. Shagonta yana tsakanin mai gyaran fanka da wani kantin fenti, ɗaki ne dogo mai ƙofa ɗaya, da keken ɗinki a bakin ƙofar, da teburin yanka a tsakiya, sai bandir-bandir na yadi jingine da bango. Tef ɗin awo kullum yana rataye a wuyanta, har takan manta ta shiga motar haya da shi.

Tana budurwa uwarsu ta rasu, uban bai daɗe ba ya bi bayanta, aka bar ta da ƙanne uku. Ta bar makaranta ta koyi ɗinki wurin wata maƙwabciya. Da fari kayan mata take ɗinkawa, amma mita ta ishe ta, wannan ta ce wuya ya yi faɗi, waccan ta ce an matse mata hannu. Sai ta koma labule da rigunan kujera. In an tambaye ta dalili takan ce, "Taga ba ta ƙiba, ba ta rama, kuma ba ta taɓa dawo mini da ɗinki ba."

Da wannan keken ta ciyar da ƙannen, ta yi musu makaranta, ta aurar da matan biyu, ta kama wa Auta shagon sayar da waya. Manema sun zo a lokacin da ake zuwa. Kowanne in ya leƙa ya ga yara uku a tsakar gida sai ƙafarsa ta ɗauke. Ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Ta waiwaya dai wata rana ta ga ta haura arba'in, gida ya yi shiru, ba mai tambayarta ina ta ajiye masa takalmi.

A nan ne wani malamin tuƙi ya shigo rayuwarta. Yana da 'yar makarantar koyar da mota a wata unguwa, kowa Malam yake ce masa. Dogo ne, mai tsabta, muryarsa ƙasa-ƙasa, in yana magana sai ka matso. Labulen gida ya zo nema, ta bi shi ta auno tagogi. Gidan fes, ko cokali ba a bari a karkace ba. Tana auna tagar ɗakin kwana ta lura da wata sakata mai kauri a jikin ƙofar, amma ta waje aka kafa ta, ba ta ciki ba. Ya ga inda idonta ya tsaya, ya yi murmushi ya ce, "Aikin tsofaffin 'yan haya ne. Kullum ina cewa zan cire." Ta rubuta awonta, ba ta sake tunanin abin ba.

Bayan an rataya labule bai daina zuwa ba. Yakan zo da yamma ya zauna a bencin ƙofar shago, ya gaida mai fanka, ya gaida mai fenti, ya tambayi lafiyar ƙannenta ɗaya bayan ɗaya. Da ta tambaye shi labarin matarsa ta fari, ya sunkuyar da kai ya ce ta koma gidansu, ba ta da cikakkiyar lafiyar ƙwaƙwalwa, Allah dai ya ba ta lafiya. Bai faɗi aibunta ko ɗaya ba, wannan kuma ya ƙara masa daraja a idon Mai Labule. Mai fanka ya ce mata, "Mutumin da zai zauna kusa da ɗan koyo yana nufar kwata da mota, bai zage shi ba, ai ki rufe ido ki aura." Magana ta kai wurin kawunsu, har an fara duba lokacin da za a sa rana.

Auta ne ya kawo zancen wasan. Shi dama duk wani sabon abu da ya shigo gari sai ya sa ƙafarsa. Ya ce akwai wani wuri a saman benen kantuna, ana kulle mutane a ɗaki, a ba su awa guda su warware wasu ƙulle-ƙulle su nemo dukiya su fito. An shirya ɗakin kamar tsohon haikali na mutanen dā.

"Gidan gumaka za ka kai ni da girmana?" in ji ta.

"Na kwali ne, Yaya. Ki zo mu ga surukinmu ko yana da kai."

Matar Auta, wadda har yanzu Amarya ake ce mata ko da yake ta yi haihuwa uku, ta ce ita dai in da zinariya a ciki ba za a tafi a bar ta ba. Ranar hutu bayan azahar Malam ya kwashe su a motarsa su huɗu.

Mai wurin wata mace ce mai jiki, sa'ar Mai Labule, da tabarau a goshi. Ta karɓi wayoyinsu ta zuba a akwati, sannan ta ba su labarin da take ba kowa: wai wani sarki ne na dā ya binne dukiyarsa a ƙarƙashin haikali, ya sa gumaka gadi, duk wanda ya shiga bai fito kan lokaci ba rufin zai sauko masa. Ta miƙa musu 'yar rediyon oba-oba ta ce in sun maƙale su danna su nemi taimako. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ba Mai Labule.

"Riƙe mana," ya ce. "Ba za mu buƙace ta ba."

Aka tura ƙofa, suka ji ƙarar kulle a bayansu.

Sai da idanunsu suka saba da duhun sannan suka ga inda suke. Bango kamar na duwatsu, an zana masa mutane masu kawunan dabbobi. Fitilu ja suna rawa kamar harshen wuta. Daga wani wuri da ba a gani iska na kuka, can ƙasa-ƙasa kuma ana buga wani abu kamar ganga, a hankali, ba ya tsayawa. A kusurwoyin ɗakin gumaka huɗu ne a tsaye, mai kan kada, mai kan mujiya, mai kan rago da mai kan maciji. Saman ƙofa agogo mai jan rubutu ya fara cin lokaci da baya-baya. Mai Labule ta san ƙarya ne, hancinta ma yana jin warin gam da fenti, amma duk da haka tsigar jikinta ta tashi.

Malam ya tsaya a tsakiya ya raba aiki. Ya ce sirrin yana jikin zanen bango, a juya gumakan su kalli inda zanen ya nuna. Auta ya juya kada, ya juya rago, ba abin da ya motsa. Malam ya ce a mayar da su, a fara da mujiya. Aka yi, shiru. Ya sake lissafi, ya sake ba da umarni, muryarsa ba ta canza ba. Agogo yana ta ci.

Amarya ta gaji da tsayuwa, ta ce ƙafarta ta yi tsami, ta nemi wani dutse a gefe ta zauna daɓas. Take wani abu ya yi ƙara, bakin kada ya wangame, mabuɗi ya faɗo ƙasa.

Auta ya riƙe ciki. Amarya ta miƙe tana kaɗe zani ta ce, "Malam, ashe ba kai ake buƙata ba, mazaunai ake buƙata. In mun fita sai a manna maka jar alamar nan ta 'yan koyo a baya."

Dariya ta kama Mai Labule yadda ta daɗe ba ta kama ta ba, har da hawaye, har ta dafa gunki mai kan rago. Malam ma ya yi dariya, ya tafa hannu, ya ce Amarya ta ci gari. Amma da Mai Labule ta ɗago tana share ido, sai ta ga ba Amarya yake kallo ba. Ita yake kallo. Bakinsa yana murmushi, idanunsa kuwa ba ruwansu da murmushin. Ta ce a ranta jar fitila ce, ta kawar da kai.

Mabuɗin ya buɗe wani akwati, akwatin ya ba su wani faifai, suka yi ta bi har suka isa ga wata 'yar ƙofa a jikin bango. A gefenta akwai tafin hannu biyu da aka sassaƙa, nesa da juna. Sai mutum biyu sun ɗora hannu sun riƙe sannan ƙofar ke ɗagawa, wato biyu za su shiga, biyu su tsaya.

"Masu shirin aure su shiga," in ji Auta. "Mu mun riga mun ga abin da ke ciki."

Mai Labule ta sunkuya ta shiga, Malam ya biyo ta. Suna miƙewa ƙofar ta sauko a bayansu.

Ɗakin ciki ƙarami ne, rufinsa kusa da kai. Wani ƙaton gunki ne zaune, bakinsa a buɗe, idanunsa kore suna haske. A gabansa akwati ɗaure da sarƙa, a gefe kuma sikeli da wasu duwatsu masu nauyi daban-daban. Yashi yana zubowa siriri daga wani rami a sama. Gangar nan ta ƙara sauri. Malam ya durƙusa ya fara jera duwatsu a kan sikeli. Ya ɗora, ya sauke, ya canza. Idanun gunkin suka koma ja, wata ƙara kamar ana niƙa dutse ta cika ɗakin, rufin ya ɗan sauko. Ya sake gwadawa, rufin ya sake saukowa.

"Malam, mu tambayi matar nan mana," ta ce. "Lokaci na tafiya."

Ya ci gaba da jera duwatsunsa. Ta ɗaga rediyon zuwa bakinta.

Ba ta ga tasowarsa ba. Hannunsa kawai ta ji ya rufe nata, da rediyon da yatsun gaba ɗaya.

"Sauke."

Muryar ita ce dai wadda ta sani, mai taushi, wadda yake gaida mai fanka da ita.

"Malam, ka matse mini hannu."

"Kin yi dariya."

"Wasa ne fa. Kai ma ka yi."

"Na ga haƙoranki har na ciki. Kin dafa gunki kina nema ki faɗi. A gaban ƙaninki, a gaban matar ƙaninki." Ya ƙara matsewa, gefen rediyon ya nutse cikin yatsunta. "Yanzu kuma za ki kira wata ki gaya mata na kasa."

Zafi ya hau har kafaɗarta. Hannun dama ne, hannun almakashi. Ta yi ƙoƙarin janyewa, kamar an sa shi a matsar maƙera. Fuskarsa tana dab da tata, ba fushi a cikinta, ba ko yamutsewa. Da ya yi tsawa, da ya zage ta, da ta san yadda za ta yi da shi, don ta yi renon yara ta kuma yi ciniki da masu baƙin rai. Wannan natsuwar ce ba ta san inda za ta kama ta ba.

"Waccan ma da haka ta fara," ya ce. "Dariya cikin mutane. Na gyara ta iya ƙoƙarina, ba ta gyaru ba. Ke kina da hankali, ba za ki ba ni wahala ba."

Daga bayan bango muryar Auta ta taso. "Yaya! Kun yi shiru! Kada ku cinye zinariyar ku kaɗai!"

Tazarar da ke tsakaninta da ƙaninta ba ta wuce kaurin katako ba. Ihu ɗaya zai sa ya ɓalle ƙofar.

"Amsa masa," in ji Malam.

"Muna nan," ta ce. Ta ji muryarta ta fito daidai, har da 'yar fara'a, kamar ta wata. Wannan ya fi matsar hannun tsorata ta. Nan take sakatar nan ta gidansa ta faɗo mata a rai, mai kauri, a wajen ƙofa. Ta tuna ƙarfenta yana sheƙi, ba tsatsa ko kaɗan, kamar abin da hannu ya saba ja.

Gangar ta tsaya cak. Daga saman rufi, ta cikin lasifika, muryar mai wurin ta fito, ba irin muryar ba da labari ba.

"Baiwar Allah mai riƙe da rediyo, ina ganinki. Ki matsa bakin ƙofa, yanzu zan buɗe."

Hannun ya sake ta. Malam ya ɗaga kai yana neman inda kyamarar take, ya same ta cikin duhu a saman kan gunkin. Mai Labule tana kallo fuskarsa ta koma yadda take a bencin shago, cikin ƙiftawar ido, ba wata alama da ta rage. Ya ɗaga wa kyamarar hannu ya yi 'yar dariya.

"Tsoro ta ji, Hajiya, na riƙe ta. Wannan gunki naku ba dama."

Fararen fitilu suka kama ko'ina. Haikalin ya koma abin da yake, kwali da soso da katako, da wayoyin lantarki an manne su da gam a bayan gunki. Ƙofofi suka buɗe. Auta ya shigo yana ƙorafi, wai saura kaɗan su ci. Mai wurin ta ce su yi haƙuri, na'urar rufin ce ta sami matsala, su dawo wata rana kyauta. Malam ya ce ba komai, ai kayan lantarki sai haƙuri, har ya ba ta shawarar ta sa a duba wayoyin.

Da za su fita matar ta ce mai rediyo ta biyo ta ta mayar. Ta ja ta bayan teburin karɓar baƙi, inda allon kallo yake, ɗakunan duka suna bayyane a kai. Ta karɓi rediyon, ta juya hannun Mai Labule ta duba. Shatin ya fito, yatsu biyu sun fara tashi.

"Mijinki ne?"

"Saura kaɗan."

Matar ta sauke tabarau daga goshi ta saka, ta dube ta sosai. "Ni ban san ki ba, ban san shi ba. Aikina in zauna in kalli mutane a kulle. Na ga masu faɗa, na ga masu kuka, na ga wanda ya fasa mini akwati da ƙafa. Waɗannan ba sa damuna. Na ji abin da ya ce miki, don ɗakin yana ɗaukar magana. In kina son in maimaita a gaban wani naki, ki kawo shi."

A hanyar komawa Malam ya yi tuƙinsa na kullum, a hankali, yana ba masu tafiya a ƙasa hanya. Ya tsaya ya saya wa kowa lemo mai sanyi. Amarya ta sake tsokanarsa da zancen alamar 'yan koyo, ya yi dariya. Mai Labule tana gaba kusa da shi, ta naɗe hannun cikin mayafi, ta manna kwalbar lemon a kai. Da ya sauke ta ya ce, "Allah ya huta gajiya," ya jira har ta shiga gida sannan ya ja mota, kamar yadda ya saba.

Washegari ta buɗe shago ta shimfiɗa yadi, ta ɗauki almakashi, yatsun suka ƙi shiga. Ta zauna tana kallon hannun. Ta yi ta juya maganar. Ta ce wa kanta kowa yana da ranar da ransa ke ɓaci. Ta ce ita ma dariyar ta yi yawa. Ta tuna gidanta da ba kowa, ta tuna yadda ƙannenta mata suka yi ta murna a waya, ta tuna kawu da ya ce Allah ya kawo ƙarshen jira. Har ta kusa lallashin kanta. Abin da ya ƙi lallasuwa shi ne muryar nan tata da ta ce "muna nan". Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa sa ta faɗin abin da ba ta yi niyya ba, ga shi mutumin nan ya sa ta tun ba a kai ta gidansa ba.

Da yamma ta rufe shago ta tafi gidan Auta, ta faɗa musu komai, ta buɗe hannun.

"Malam?" in ji Auta. "Malam da ko hon ba ya dannawa da ƙarfi? Yaya, ko dai a duhun nan kin buge da wani abu ne?"

"Na taɓa yi maka ƙarya?"

"Ba haka nake nufi ba. Amma aure fa ake magana. Mutum ya riƙe hannunki sau ɗaya..."

Amarya ta matso kusa da Mai Labule. Ta jawo hannun ta ɗora a cinyarta tana shafa man zafi a hankali. Can ta ce wa mijinta, "Ɗauko makullin babur. Mu je wurin matar nan."

Sun dawo kafin magariba, mai wurin wasan ta maimaita musu duk abin da ta ji. Auta bai iya haɗa ido da yayarsa ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta kamar yadda yake yi yana yaro, ya ce, "Ina jin muryarki kina cewa muna nan, ni kuma ina dariya." Ta dafa kansa da hannun hagu ta ce ya tashi, ba shi ya yi ba.

Shi ya je wurin kawu. Kawu ya yi faɗa, ya ce a shekarunta ba a zaɓe, ya ce wane namiji ne ba ya da zuciya, ya ce za su zama abin magana a kan wasan yara. Mai Labule ta je da kanta ta durƙusa ta ce, "Kawu, ban taɓa ƙin maganarka ba. Wannan dai ba zan iya ba." Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta, daga baya ya aika aka mayar da kayan neman auren da aka kawo.

Malam bai yi gardama ba. Ya aiko da gaisuwa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, in ya yi wani laifi a yafe masa. 'Yan layi suka yi ta jinjina masa. Mai fenti ya ce wa mai fanka, yadda za ta ji, wasu matan in sun daɗe su kaɗai ba sa iya zama da kowa.

Mako bai cika ba motar koyo ta fara bi ta layin. Layi ne matsattse, ba wanda ya taɓa kawo ɗan koyo cikinsa. Takan shigo da hantsi, a hankali, ɗalibi a sitiyari, Malam a gefe. Daidai ƙofar shagon, a ɗaya hannun titi, nan ya zaɓa ya riƙa koya musu fakin. Su yi gaba, su yi baya, su sake. Ba ya fitowa, ba ya magana. In ta ɗago kai sai ya ɗaga mata hannu, irin gaisuwar mutunci, ya ci gaba da kallonta har sai ta sunkuyar da kai. Ba abin da za ta kai ƙara a kai. Titi na kowa ne, gaisuwa kuma ba laifi ba ce.

Ta janye keken daga bakin ƙofa ta mayar da shi can ƙurya, inda haske bai isa ba, ta riƙa kunna fitila da rana. Ta daina zuwa awon taga ita kaɗai. Ta canza motar da take hawa zuwa gida. Auta yakan bar shagonsa ya zo ya zauna a benci, ya harɗe hannu yana kallon motar, Malam ya ɗaga masa hannu shi ma. Mai fanka, wanda da fari yake ganin ta yi wauta, wata rana ya leƙo ya ce, "Mutumin nan ko ƙifta ido ba ya yi." Daga ranar ya juyo da teburin aikinsa yana fuskantar titi.

Haka aka yi watanni. Yatsun suka warke, sai dai na tsakiya yakan yi tsami in ta daɗe tana yanka. Rannan motar ba ta zo ba, washegari ma haka. Ta daɗe ba ta yarda cewa motar ta daina zuwa ba, ƙarar kowace mota mai tafiya a hankali sai ta sa ta ɗaga ƙafa daga keke.

Bayan wani lokaci wata mata ta shigo shagon, ta yi sallama, ta tattaɓa yadi kamar mai saye, amma ba ta tambayi kuɗin ko ɗaya ba. Daga ƙarshe ta zauna ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, ƙanwarta ce malamin tuƙi yake nema, mijin ƙanwar ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. An ce mata malamin ya taɓa neman wata mai ɗinki aka fasa.

"Kowa na tambaya sai ya ce mutumin kirki ne," ta ce. "Yabon ne ya yi mini yawa. Don Allah me ya raba ku?"

Mai Labule ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta faɗa mata yadda aka yi, ba ƙari ba ragi. Ta kwatanta mata benen da wurin wasan yake, ta ce mai wurin za ta maimaita mata in ta je. Matar ta saurara har ƙarshe, hannunta a haɓa.

"Zan gaya mata," ta ce. "Amma ta riga ta yi nisa. 'Yar ma har Baba take ce masa. Za ta ce kishi ne."

"To ki ba ta lambata. Ba sai ta gaishe ni ba, ba sai ta yarda da ni ba. Ta ajiye kawai."

Ta yage gefen wata takardar awo ta rubuta mata. Matar ta ninke ta sa a jaka, ta yi godiya ta tafi, ba ta sake dawowa ba. Daga bakin mai fenti Mai Labule ta ji an ɗaura auren, an ce taro ya yi kyau.

Har yau tana nan a layin, tsakanin mai fanka da mai fenti. Ta ɗauki manyan ayyuka, har da labulen wani otal, 'ya'yan Auta kuma sukan zo su kwana wurinta ranar hutu su hargitsa mata gida. Amarya ta lura da wani sabon hali da ta ɗauka. Da can in baƙuwar lamba ta kira tana tsakiyar ɗinki, sai wayar ta gaji ta tsinke. Yanzu kuwa ko allura ce a bakinta sai ta cire, ta ɗauka tun a bugu na farko, ta yi shiru tana sauraron wanda zai yi magana. Yawanci masu neman labule ne.